Kwanaki a tsaunukan Sikotland cikin Oktoba: ina haɗarin yake?

Duk shekara idan Satumba ta kama, akwai gidajen Kano da ke sallamar 'ya'yansu zuwa jami'o'in Glasgow, Edinburgh, Dundee ko Aberdeen. Lokacin ne kuma ƙungiyoyin hawan dutse na jami'o'in ke neman sababbin shiga. Kafin wata ya zagayo sai hoto ya faɗo zauren WhatsApp na dangi: yaro da ƙatuwar jaka a baya, bayansa tsauni ja-ja-wur, ya rubuta cewa za su yi kwana uku ko huɗu a daji, kada a neme shi don babu sabis. Daga nan gida ya rabu biyu. Uwa ta hau salati, tunaninta na kan namun daji da masu garkuwa da mutane. Yayyensa maza kuwa dariya suke, wai ai dutsen bai ma kai na Jos ba. Duka ɓangarorin biyu sun dubi inda haɗarin ba ya nan.

A fara kawar da tsoron Hajiya. Babu zaki, babu kura, babu damisa a tsaunukan Sikotland. Kyarkecinsu na ƙarshe ya ƙare tun wajen ƙarni na 18, kuma macijinsu mai dafi iri ɗaya ne tak, wanda sanyin Oktoba ke korawa rami. Abin da ya fi zama abin lura shi ne kaska, domin tana ɗauke da cutar Lyme, shi ya sa ake duba jiki kowane dare. Fashi da satar mutane kuwa ba sa cikin lissafin mai shiga dajin can.

Su ma masu raina tsayin suna da hujja a takarda. Ben Nevis, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne. Tsaunukan Shere da ke gefen Jos sun kai 1,829, garin Jos kansa yana zaune a kusan 1,200. Tsaunukan Sikotland da suka haura ƙafa 3,000, wato mita 914, guda 282 ne, ana kiransu Munro da sunan Sir Hugh Munro da ya fara jera su a 1891, kuma akwai masu kwashe shekaru suna binsu ɗaya bayan ɗaya har su cinye. Sai dai lambar ba ta faɗin inda aka faro hawan. Mai hawa Shere daga kan tudu yake tasowa. Mai hawa Ben Nevis daga Fort William yake tasowa, garin da ke bakin ruwan teku, don haka kusan duk mitocin nan 1,345 da gwiwarsa zai biya su. Ba ta kuma faɗin cewa ƙasar tana wajen digiri 57 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana 12, kuma tsaunukan yammacinta su ne abu na farko da iskar Tekun Atlantika ke karo da shi bayan ta yi dubban kilomitoci tana shan ruwa. Bishiya ba ta cika rayuwa sama da mita 600 ba a can. Daga nan zuwa ƙololuwa babu abin fakewa.

Daga 1883 zuwa 1904 an ajiye ma'aikata a wata tashar auna yanayi a kan Ben Nevis suna rubuta abin da suka gani sa'a bayan sa'a. Matsakaicin zafin shekara ya tsaya a wajen sifili, ruwan da ke sauka kuma ya haura milimita 4,000. Damunar Kano da aka saba da ƙyar take kai kwatan haka. A tsaunin Cairn Gorm, a watan Maris na 1986, na'ura ta kama iskar da ta kai kilomita 278 a sa'a.

To me ya sa mutum da hankalinsa zai zaɓi Oktoba? Babban dalili wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai cizo da suke kira midge. Bai kai sauro girma ba, ba ya sa zazzaɓi, amma daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba yana fitowa dubbai, ya shiga ido da kunne da gashi, har dafa shayi a bakin tanti ya gagara. Sanyin farko na ƙarshen Satumba ke kashe shi. Sannan 'yan yawon buɗe ido sun koma gida, ciyayi sun rine zuwa ja da ruwan ƙasa, ganyen bishiyoyin kwari ya koma rawaya, iska ta yi sanyin da mai ɗauke da kaya ba ya galabaita. Lokacin ne kuma mazan bareyi ke barbara, su cika kwari da ruri mai kama da na bijimi tun daga magariba har asuba. Waɗanda suka saba suna cewa babu watan da ya kai shi kyau, kuma hotunan ba su ƙaryata su ba. Kuɗin wannan kyau da abu uku ake biyansa: haske, jiƙa da ruwan ƙorama.

Hasken rana da lissafin tafiya

Mutumin Kano bai saba sa tsawon yini cikin lissafi ba, saboda a nan bambancin yinin da ya fi tsawo da wanda ya fi gajarta bai kai sa'a ɗaya da rabi ba. A tsaunukan Sikotland, farkon Oktoba ana samun hasken kusan sa'a 11 da rabi, ƙarshen watan ya koma wajen 9. Kowace rana ana zaftare kusan minti biyar. A Lahadin ƙarshe ta watan kuma ake mayar da agogo baya da sa'a ɗaya, sai rana ta koma faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi. Daga ranar agogonsu ya daina daidai da na Najeriya, ya koma bayanmu da sa'a guda, abin da ya kamata mai jiran waya a gida ya sani.

Akwai ƙa'idar da wani mai hawan dutse, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da ita ake fara lissafi: kilomita 5 a kowace sa'a, a ƙara sa'a ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa. A ce zangon yau kilomita 20 ne, da hawan mita 900. Sa'a huɗu na nisa, ɗaya da rabi na hawa, jimilla biyar da rabi. Amma Naismith lafiyayyen mutum mara kaya a kan busasshiyar hanya yake nufi. Ɗora masa jaka mai kilo 15. Sa shi cikin caɓin da ya mamaye yawancin kwarurukan yamma, wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai da ke riƙe ruwa, inda ƙafa kan nutse har ƙwauri, tafiya ta koma kilomita biyu a sa'a. Ƙara tsayawar cin abinci, duba taswira, salla, da neman mashigar rafi. Biyar da rabin nan ta zama takwas ko tara. A watan Yuli wannan ba komai ba ne, don rana tana nan har wajen goman dare. A ƙarshen Oktoba kuwa yinin ne gaba ɗaya, babu rara. Wanda ya tsaya shan shayi har tara na safe ya riga ya yanke wa kansa kafa tanti da tocila a baki, ko abin da ya fi muni, saukowa gangare cikin duhu ƙafafu sun mutu. Shi ya sa gogaggu ke naɗe kaya tun kafin gari ya waye, kuma suke yanke zangon kaka ya gaza na bazara.

Sanyin da ba irin namu ba

Nan ne ɗan Kano ya fi ruɗuwa, domin yana ganin ya san sanyi. Ya san asubar Janairu da leɓe ke tsagewa, ana kewaye wuta a bakin titi. Amma hunturu busasshen sanyi ne, maganinsa kauri: a ɗora riga kan riga, a ƙara jibgegiyar gwanjo daga Ƙofar Wambai, magana ta ƙare. Abin da ke kashe mutane a tsaunukan can ba ya bukatar ƙanƙara. Digiri 4 ko 5 sama da sifili, da yayyafi, da iska, sun isa.

Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25. Auduga kuma, wadda ita ce kusan duk suturarmu, tana shan ruwa ta riƙe, ta manne da fata. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa: jikinta na tsattsafowa, iska na bi ta kai tana kwashe zafin. Mutum cikin jiƙaƙƙiyar auduga a kan tsauni randa ya zama, jininsa ne ruwan da ake sanyayawa. Kuma ba sai sama ta zubo ba. Gumin hawa kaɗai yana jiƙa rigar ciki, mutum ya isa sama inda zafi ya ragu da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, ya tsaya ya huta, cikin minti goma haƙora sun fara haɗuwa. Don haka ba a sa wandon jins, ba a sa singileti na auduga. Rigar ciki ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, sai mai ɗumi a tsakiya, sai ta waje mai hana ruwa da iska. Ana tuɓe ɗaya kafin a fara hawa, a mayar da zarar an tsaya. Sannan akwai kaya saiti ɗaya da bargon kwana mai zif da ake ƙullewa cikin leda a ƙasan jaka, ba a taɓa su sai an shiga tanti, ko da kuwa hakan na nufin gobe da safe a mayar da jiƙaƙƙun jiya. Wannan ne abin da sabon shiga ya fi ƙi, kuma a ganina shi ne ya fi komai raba wanda ya iya da wanda bai iya ba.

Idan zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga matsala, kuma mugun abin shi ne hankali ne ke fara taɓuwa. Mutum ya riƙa tuntuɓe, harshe ya yi nauyi, ya kasa ja zif, ya yi fushi ba dalili ko ya ce a bar shi ya ɗan kwanta. Shi kansa ba ya ganin komai ya same shi. Idan karkarwa ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya yi nisa. Abokan tafiya ne za su lura, su kare shi daga iska, su canza masa kaya, su shimfiɗa abu tsakaninsa da ƙasa, su ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi idan yana iya haɗiya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da sabon zuwa ba zai tafi shi ɗaya ba.

Ƙorama kuwa halinta daban ne da kogunan da muka sani. Challawa tana cika sannu a hankali da damuna ta janye da rani. A can ƙasar saman dutse siririya ce kuma a jiƙe take, ruwan da ya sauka ba shi da wurin shiga, sai ya gangaro gaba ɗaya. Rafin da aka tsallake da safe ba a jiƙa safa ba, da la'asar yana iya mirgina duwatsu. Oktoba na cikin watannin da guguwar Atlantika ke jerowa, kamar Babet ta 2023 da ta sa ambaliya a gabashin ƙasar. A hanyoyi masu nisa ba kowane rafi ke da gada ba. Idan dole ne a shiga, ba a cire takalmi, ana kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita, a fuskanci inda ruwan ke tahowa, a dogara da sanda. Idan ya haura gwiwa yana gudu, ba a shiga. Daɗin abin shi ne yadda yake cika da sauri haka yake janyewa, sau da yawa kwana ɗaya ya isa. Amma jira sai da guzuri, shi ya sa ake ɗaukar abincin yini guda fiye da lissafi, kuma ba a sayen tikitin komawa da zai tilasta wa mutum faɗawa ruwa don kada jirgin ƙasa ya wuce.

Dajin da aka kori mutanensa

Wani dattijo a unguwarmu da aka nuna wa irin waɗannan hotuna cewa ya yi: “Malam, duk wannan ciyawa da ruwa, ina makiyayan?” Tambayar tana da amsa, kuma ba mai daɗi ba. Kwarurukan da yau ake tafiyar yini biyu ba a ga hayaƙi ba, da ƙauyuka ne na masu magana da harshen Gaelic. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa wajen 1860 masu mallakar ƙasa suka riƙa tashin talakawa don su zuba tumaki, daga baya kuma suka mayar da filayen wurin farautar barewa na masu hannu da shuni. A yankin Knoydart, a 1853 aka loda ɗaruruwan mutane a jirgin ruwa zuwa Kanada aka rushe gidajensu. A 1948 wasu mutum bakwai suka yi yunƙurin kama filaye a can, kotu ta hana su. Sai a 1999 mazauna yankin suka haɗa kuɗi suka sayi babban ɓangarensa. Kangayen dutse da matafiyi ke wucewa ta gefensu ragowar wancan zamani ne. Hatta rashin bishiyoyi ba duka halitta ba ne, domin bareyin da ba su da mai cinsu suna cinye duk tsiron da ya leƙo.

Wannan tarihi ne ya haifar da abubuwa biyu da matafiyin kaka ke hulɗa da su. Na farko ɗakunan da suke kira bothy, yawancinsu tsofaffin gidajen makiyaya da masu gadin daji ne da aka bari a buɗe. Wata ƙungiyar sa kai da aka kafa a 1965 tana kula da kusan 100. Ba kuɗi, ba makulli, ba a kama wuri. Ba lantarki, ba katifa, a yawancinsu ba bayan gida sai shebur a jingine. Kowa ya zo a matsa masa, kuma ba a son ayarin da ya kai mutum shida. Duk da haka ba a barin tanti a gida don an ga ɗaki a taswira. A Nuwamban 1971 wasu 'yan makaranta daga Edinburgh suka nufi wata 'yar mafaka a saman tudun Cairngorm, guguwar ƙanƙara ta rufe su kafin su kai, yara biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu. Bayan doguwar muhawara aka rushe mafakun da ke can sama, bisa hujjar cewa suna jan mutane su ci gaba a lokacin da ya kamata su juya.

Na biyu farauta. Dokar 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa kusan kowace ƙasa a Sikotland da kwana a tanti, muddin bai yi ɓarna ba, abin da babu irinsa a Ingila. Amma bisa al'ada harbin mazan bareyi yana kai ƙololuwa ne daga Satumba zuwa 20 ga Oktoba, kuma da shi masu gandun ke samun kuɗin shiga. Ana duba sanarwarsu kafin a tashi, a bi manyan hanyoyi da kan tudu, kuma wasu ɗakunan ana rufe su a makonnin. Ranar Lahadi ba a cika harbi ba.

Hanyoyin ma hawa-hawa ne. West Highland Way, mai kilomita 154 daga gefen Glasgow zuwa Fort William, tana da alamomi da ƙauyuka, nan ya dace sabon zuwa ya gwada ƙafarsa. Daga Glenfinnan zuwa Inverie a Knoydart kusan kwana uku ne, a ƙarshe sai an shiga kwalekwale zuwa Mallaig domin babu titin da ya haɗa ƙauyen da sauran ƙasar. Hanyar Cape Wrath kuwa, kilomita kusan 370 ba alama ko ɗaya, ta mako biyu zuwa uku ce, ba ta wanda ya sauka watan jiya ba ce.

Idan abu ya ɓaci ana kiran 999, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto na tsauni. 'Yan sa kai ne, ba sa karɓar ko sisi. Sai dai kira sai da sabis, sanyi yana shanye batir, jirgi mai saukar ungulu ba ya shiga hazo mai kauri ko iska mai ƙarfi, kuma masu zuwa a ƙafa na iya ɗaukar sa'o'i. Don haka taswirar takarda da kamfas mai nuna arewa, da iya aiki da su lokacin da ba a ganin taku ashirin a gaba, ba su da madadi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi amfani ga iyaye a Kano, maimakon “kada ka je”, shi ne su sa yaro ya bar wa wani da ke can sunan hanyar, wuraren kwana, da ranar da idan ba a ji shi ba za a kira hukuma. Mai zaune a Gwammaja ba zai iya kiran 999 na Birtaniya ba.

Musulmi yana da ƙarin lissafi. A ƙarshen Oktoba Azahar na shiga wajen sha biyu, La'asar wajen biyu, Magariba huɗu da rabi, duka uku cikin sa'o'in da ake tsakiyar tafiya. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ga matafiyi, da shafa a kan huffi, da taimama idan ruwa zai cutar, duk malamai sun yi bayaninsu da sharuɗɗansu, kuma gara a tambaya tun a gari. Wanke gaɓa sau ɗaya ya wadatar a alwala, a tsane ƙafa sosai kafin a mayar da safa. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, wanda ya dubi gabas kai tsaye kamar a gida ya kauce. Guzuri kuwa namu ya dace da aikin: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, duk ba nauyi ga ƙarfi. Kilishi ne da ya fi kowanne, amma dokar Birtaniya ta hana matafiyi shigo da nama daga Najeriya. Ruwan sha ba a dakonsa da yawa, yana ko'ina, a dai tafasa ko a tace.

Wanda abin ya burge shi alhali ba shi da biza, akwai irinsa a gida. Chappal Waddi da ke gandun Gashaka Gumti a Taraba, a kan iyakar Kamaru, mita 2,419 ne, shi ne mafi tsawo a Najeriya, kuma kaiwa kansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Amma kalandar a juye take: a Oktoba damunar can ba ta gama janyewa ba, koguna a cike, ciyawa ta fi mutum tsawo, sai daga Disamba zuwa Maris hanya ke buɗewa. Ba a kuma shiga gaba gaɗi kamar a Sikotland. Ana bi ta ofishin gandun a Serti, a ɗauki jagora da ma'aikatan tsaro, a tambayi halin da hanya ke ciki a makon da za a tashi. Masu hawa Dala da Goron Dutse da sassafe don motsa jini suna iya fara shiri daga nan, su goya jaka mai kilo goma, su hau su sauka har gwiwa ta saba.